Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Kula da Matsematsi Bayan Aikin Jijiyoyin Zuciya

Cikin 'yan shekarun nan an fara ganin mutanen ƙasarmu ta Rano da Kibiya suna komawa gida da wani irin rauni da kakanninmu ba su sani ba. Rauni ne ɗan mitsitsi, bai wuce faɗin ƙwayar dawa ba, a matsematsi, wato inda cinya ta haɗu da mara. Ta nan likitan zuciya yake zura siririn bututu, ya bi babbar jijiyar jini har zuwa zuciya, ya ɗauki hoton jijiyoyin da ke shayar da ita, idan ya ga inda ya toshe ya buɗe shi, sau da yawa kuma ya bar 'yar ragar ƙarfe a wurin don kada ya sake rufewa. Wasu ana yi musu aikin a manyan biranen ƙasar nan irin su Abuja da Legas, wasu sai sun ƙetara Masar ko Indiya. Amma kusan dukansu a gida suke ƙarasa warkewa, a hannun mata da 'ya'ya da surukai.

Ni mai harhaɗa magunguna ce a wani asibiti a birnin Kano, kuma 'yar ƙasar Kibiya. Aikina yana farawa ne sa'ad da aka miƙo takardar magani ta taga. Daga wannan taga na lura cewa iyali sukan zuba ido a kan ƙirjin marar lafiya, suna tambayar numfashinsa da bugun zuciyarsa, su manta da ƙofar da aka shiga ta cikinta. Alhali zubar jini daga wannan ƙofa na cikin matsalolin da aka fi gani bayan aikin, kuma kaso mai tsoka na abin da ke jawo shi yana hannun mutanen gida.

Yadda aka zo ga matsematsi

A shekarar 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa don ya nuna cewa hakan na yiwuwa, kuma a 1956 ya shiga cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel saboda wannan fanni. A 1953 Sven Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da dabarar shiga jijiya da allura da siririyar waya ba tare da yanka ba. A 1967 Melvin Judkins na Amurka ya ƙera bututun da ake bi da su ta jijiyar cinya zuwa jijiyoyin zuciya. Sannan a watan Satumba na 1977, a birnin Zurich na Suwizalan, Andreas Grüntzig ya fara buɗe toshewar jijiyar zuciyar ɗan Adam da balan-balan.

An zaɓi jijiyar cinya ne domin tana da faɗi, kaurinta ya kusa na ƙaramin yatsa, ga ta kuma kusa da fata. Sai dai abin da ya sa ta yi daɗin shiga shi ne ya sa ta yi haɗari. Jinin da ke cikinta da ƙarfin bugun zuciya yake gudu. Hujin da ake yi mata yakan kai milimita 2 zuwa 3, kuma bayan an zare bututu gudan jini ne ke toshe shi kafin nama ya haɗe. Duk wanda ya taɓa noman rani a filayen da ruwan Tiga ke shayarwa ya san yadda ake liƙe ɓarakar magudana da ɗanyen laka: tana riƙe ruwa, amma idan aka taka ta kafin ta bushe sai ta ɓalle. Haka wannan toshi yake a kwanakin farko.

Ga kuma wani abu da ke ƙara wa lamarin nauyi. Da gangan ake tsinka jinin marar lafiya. Lokacin aiki ana yi masa allurar hefarin don kada jini ya daskare a jikin bututu. Idan an sa masa raga, zai koma gida da magunguna biyu, galibi asfirin mai miligiram 75 da kilofidogirel mai miligiram 75, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Plavix. Aikinsu shi ne hana ƙwayoyin da ke haɗa gudan jini manne wa juna a kan ragar. Maganin da ke tsare zuciya shi ne kuma ke jinkirta rufewar hujin cinya.

Wa ya fi shiga haɗari

Akwai abubuwan da marar lafiya yake zuwa da su, ba shi da ikon sauya su, amma saninsu yana gaya wa iyali irin sa idon da ya kamata su yi.

Na farko shekaru. Jijiyar dattijon da ya haura 70 ta yi tauri, ba ta tsukewa ta rufe huji kamar ta matashi. Na biyu, mata sun fi maza fuskantar wannan matsala, domin jijiyarsu ta fi siranta, bututu ɗaya kuwa ake amfani da shi. Na uku jiki: ramamme magani yakan yi masa yawa idan ba a auna shi da nauyinsa ba, mai ƙiba kuma yana da wuyar dannewa, kuma jini kan taru a ƙarƙashin kitse ba a gani ba. Na huɗu ciwon ƙoda, wanda ke rage ƙarfin daskarewar jini, ya kuma sa wasu magungunan tsinka jini su daɗe a jiki. Na biyar hawan jinin da ba a shawo kansa ba, saboda yana tunkuɗa toshin daga ciki. Na shida ƙarancin jini tun kafin aiki, abin da ya yawaita a tsakanin matanmu. Wanda rumbunsa bai cika ba, ɗibar kaɗan ma tana nuna masa. A ƙara da mai ciwon suga da ya daɗe, da mai toshewar jijiyoyin ƙafa, da wanda tun farko yake shan warfarin saboda bawul ɗin zuciya ko rikicewar bugunta.

Akwai kuma abin da ke hannun likita: girman bututu, tsawon lokacin da ya yi a jijiya, yawan sukar allura, da daidai wurin da aka huda. Idan hujin ya yi sama da yawa, jini na iya kwarara zuwa bayan ciki inda ido ba ya gani, hannu kuma ba ya iya dannewa. Idan ya yi ƙasa da yawa, babu ƙashin da za a danne jijiyar a kansa. Aikin gaggawa, irin wanda ake yi wa mutum yana tsakiyar bugun zuciya, ya fi wanda aka shirya haɗari, domin magungunan tsinka jini sun fi yawa a lokacin.

Saboda haka ne likitoci da yawa suka koma bi ta wuyan hannu, hanyar da Lucien Campeau na Kanada ya bayyana a 1989. A wani babban bincike mai suna RIVAL da aka wallafa a 2011, wanda ya ƙunshi marasa lafiya 7,021, manyan matsalolin jijiya a wurin huji sun sami kashi 3.7 cikin 100 na waɗanda aka bi musu ta cinya, da kashi 1.4 na waɗanda aka bi musu ta hannu. Don haka wanda ake shirin yi wa aikin yana da damar ya tambayi likitansa ko za a iya bi ta hannu. Ba kowa take yi wa ba. Wani jijiyar hannunsa ta yi ƙanƙanta, wani aikin nasa na bukatar babban bututu. Waɗannan alƙaluma kuma suna nuna cewa mafi yawan waɗanda aka bi musu ta cinya lafiya lau suke warkewa.

Abin da ke cikin jakar magani

Nan ne fagena. Duk wanda ya zo tagata bayan irin wannan aiki nakan roƙe shi ya zazzage mini duk abin da yake sha a kan tebur, na asibiti da na kemis da na gargajiya.

Wata rana aka kawo wani dattijo daga wani ƙauye a yankinmu, kwana 6 bayan an sa masa raga a wani gari. Matsematsinsa na dama ya kumbura kamar lemon zaƙi, kumburin yana harbawa tare da zuciya, idanunsa sun yi fari. Bayan likitoci sun kwantar da shi sai na je gadonsa da takardata.

Na ce, “Baba, ban da waɗannan da aka rubuta maka, me kake sha?”

Ya ce, “'Yar nan, ai ba na shan komai.”

Ɗansa da ke tsugune gefen gado ya ce, “Baba, sai dai na gwiwar nan.”

Dattijon ya ce, “Wannan ai ba magani ba ne, na ciwon jiki ne kawai.”

Ɗan ya ciro ƙullin leda daga aljihu. Haɗi ne irin na kemis, ƙwayoyi huɗu ba kwali ba suna, amma na gane biyu: diklofenak da firoksikam. Shekaru yana shan su safe da dare, kuma da aka tambaye shi kafin aiki bai lissafa su cikin magani ba. A rana ta uku da komawarsa gida ya hau acaɓa zuwa masallacin Juma'a. A daren ya ji wurin ya tasa, ya yi shiru har kwana biyu, saboda masu jinyarsa 'yarsa ce da matar ɗansa. Hoton sikanin ya nuna hujin ya buɗe, jini ya fita ya yi wa kansa jaka a gefen jijiya yana shiga yana fita. An danne wuyan jakar da kan na'urar sikanin har ta rufe, an ƙara masa jini leda biyu, ya koma gida da ƙafarsa. Abu uku ne suka taru a kansa, magani da motsi da kunya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin iyalinsa da sun sani.

Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibufurofen da firoksikam, wanda ake sayarwa da sunan Feldene, suna ƙara raunana daskarewar jini idan suka haɗu da asfirin da kilofidogirel. Suna kuma ƙwarzane ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Garin Alabukun da ake sha don ciwon kai asfirin ne ginshiƙinsa, kuma abin da ke cikin ƙulli ɗaya ya ninka ƙwayar da likita ya rubuta sau da yawa. Wanda yake jin ciwo ya tsaya a farasitamol bisa adadin da aka ƙayyade masa, idan bai lafa ba ya dawo asibiti.

Wani tarkon shi ne suna biyu na magani ɗaya. Marar lafiya ya dawo daga waje da kwalin asfirin, a nan kuma a rubuta masa Vasoprin, ya riƙa shan duka biyun yana zaton daban suke. Haka ake yi da Plavix da sauran kwalayen kilofidogirel. A kawo kwalayen duka a nuna wa mai harhaɗa magani, ya ware su, ya rubuta a jikin kowanne.

Tafarnuwa da citta da kurkum a cikin miya ba su da laifi. Abin gudu shi ne tattara su a jiƙa ko a dafa a riƙa ɗirka kofi-kofi da sunan wanke jijiya, musamman ga mai shan warfarin. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a jingine su. Haka ƙaho da tsaga da duk wani aikin wanzami da ke fitar da jini: a dakatar har sai an yi shawara da likitan zuciya.

Akwai kuma kuskuren da ya fi duk waɗannan muni, wanda tsoro ke haifarwa. Iyali su ga wurin ya yi baƙi, ko dasashi na jini lokacin asuwaki, sai su yanke shawarar a daina shan maganin tsinka jini. Ragar da aka sa baƙuwa ce a jiki, tana bukatar watanni kafin fatar cikin jijiya ta lulluɓe ta. Idan aka daina magani a makonnin farko, gudan jini na iya toshe ta farat ɗaya, ya jawo bugun zuciyar da sau da yawa ba a tashi. Galibi ana shan magungunan biyu wata 6 zuwa 12, sannan a ci gaba da ɗaya, kuma likitan zuciya kaɗai ke da hurumin rage wannan wa'adi. Kada kuma a jira kwali ya ƙare kafin a nemi wani, domin ba kowane kemis na ƙauye ke ajiye kilofidogirel ba.

Makon farko a gida

A asibiti, bayan an zare bututu, ana danne wurin da hannu kimanin minti 15 zuwa 20, ko a sa wata 'yar na'urar toshewa, sannan a kwantar da mutum rigingine awa 4 zuwa 6 ba tare da ya lanƙwasa ƙafar ba. Sa'o'in nan suna da wuya, baya yana ƙagewa, fitsari yana matsa. Mai jinya ya taimaka da tasa, kada ya ɗaga marar lafiya zaune don tausayi.

Takardar sallama takan ce a guji ɗaukar abin da ya wuce kilo 5 har mako guda, a guji tuƙi kwana biyu, a guji yunƙuri. Bari in fassara ta zuwa rayuwarmu. Bokitin ruwa ya wuce kilo 5, haka jikan da ya fara tafiya. Jan guga, daka, surfe, faskare, noma da ɗora buhu duk su jira. Acaɓa a kan hanyar ƙauye mai gargada tana haɗa buɗe cinya da jijjiga, a bar ta mako guda ko fiye. A doguwar tafiyar komawa gida, a kwantar da kujerar mota, a miƙe ƙafar, a riƙa tsayawa ana duba wurin.

Tsugunno a masai yana lanƙwasa jijiyar daidai inda aka huda, yunƙurin bayan gida kuma yana ƙara mata matsi. A samo kujerar roba a huda tsakiyarta, ko a sayi kujerar banɗaki ta marasa lafiya. A yawaita ruwa idan likita bai taƙaita shi ba, da gwanda da kayan lambu, idan ciki ya ɗaure a nemi magani mai laushi. Zama a tabarma da tashi daga kanta ma aiki ne ga cinya, kujera ko gado sun fi. Idan tari ko atishawa ya zo, a dafe wurin da tafin hannu. Game da salla, malamanmu sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya na yin ta a zaune ko a kishingiɗe da ishara. A karɓi wannan sauƙi na 'yan kwanaki. Ma'aurata kuma su tambayi likita lokacin da ya dace su koma shimfiɗa.

Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a murza, kada a shafa man zafi. Zafi yana buɗe jijiya, murza kuma tana kwance toshin. A wanke a hankali da ruwa da sabulu bayan an cire filasta, a tsane da tsumma mai tsabta. Maganin hawan jini kuma a sha shi kan lokaci.

Wa zai duba?

Kunya ado ce a wurinmu, kuma matsematsi al'aura ce. Uba ba zai buɗe wa 'yarsa ba, uwa ba za ta buɗe wa ɗanta ba, suruki kuwa ba a ma maganarsa. Amma Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin a baro asibiti a zaɓi mutum ɗaya wanda marar lafiya ya yarda da shi, mata ko miji, ɗa ga uba, 'ya ga uwa, ma'aikacin jinya ya nuna masa wurin da yadda ake dannewa. Shi zai riƙa dubawa safe da yamma har kwana 7. Ana iya rufe sauran jiki da zane a bar tafin hannu ɗaya a buɗe.

A fatarmu kwanciyar jini ba ta fita sosai ga ido, don haka a haɗa da hannu. Ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa da duhun fata mai gangarowa cinya, wanda ke gushewa cikin mako 2 zuwa 3, abu ne da aka saba gani. A zagaye iyakar kumburin da biro, a auna kaurin cinyar da zare a ƙulle, gobe a gwada. Abin tashin hankali shi ne kumburin da ke ƙaruwa ko taurara ko harbawa. Ciwo mai tsanani a mara ko kwiɓi ko baya. Jiri, gumi mai sanyi, ƙishirwa, bugun zuciya da sauri, farin ido da farin tafin hannu. Ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu. Zazzaɓi ko ruwa daga wurin. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, cinya kaɗai kuma na iya ɓoye fiye da lita ɗaya, bayan ciki ya fi haka. Don haka rashin ganin jini a zane ba shaidar lafiya ba ne.

Idan jini ya ɓalle

A kwantar da shi rigingine nan take a miƙe ƙafar. A sa tsumma mai tsabta, a danna da ƙarfi da tushen tafin hannu a kan hujin da ɗan samansa kaɗan ta wajen ciki, gwiwar hannu a miƙe, nauyin jiki a kai. A riƙe aƙalla minti 15 ba ɗagawa don leƙe. Wani ya nemo mota, ana tafiya ana dannewa. Kada a ɗaure cinya da igiya, kada a zuba toka ko gishiri ko garin magani, kada a ba shi abinci.

Daga Rano zuwa Kano, ta Bunkure da Ƙarfi, tafiya ce ta kimanin awa ɗaya ko fiye, daga Kibiya kuma ta ɗara haka. Wanda jiri ke ɗiba a fara kai shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Rano, a sa masa ruwa a auna jininsa, sannan a wuce da shi inda likitocin zuciya suke, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da takardar sallama da kwalayen magani duka, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka tarar: an huda jijiyar cinyarsa rana kaza, yana shan maganin tsinka jini. Tun ranar dawowa gida a tanadi lambar direban da zai amsa waya da tsakar dare, da lambar asibitin da aka yi aikin, a kuma san 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini.

Iyalan da suka kai ga wannan aiki galibi sun sayar da shanu ko gona, sun yi karo-karo, sun yi doguwar tafiya. Abin da ya rage bayan haka ba ya cin kuɗi: a zazzage jakar magani gaban masani, a ajiye acaɓa da guga na mako guda, a samu mutum ɗaya da zai riƙa ɗaga zane yana dubawa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.